Mashaya biyu a Damagaram

A bakin Bahaushe na asali, mashaya wuri ne da dabbobi ke sauka su sha ruwa, bakin tafki ko gindin rijiya inda makiyayi ke tsayawa da garkensa. Mutanen Zinder sun fi kowa sanin darajar wannan kalma, domin garinsu bisa dutse yake zaune, ƙishirwa kuwa tsohuwar maƙwabciyarsu ce. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da Turawan Faransa suka bayar sa'ad da suka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan suka mai da shi Yamai a 1926. Shekara da shekaru kuma ruwan famfon garin daga rijiyoyin Gogo da Mashaya yake zuwa, can kudu da gari, kafin a haɗa da na Arunguza daga arewa.

To amma akwai wata mashayar ta biyu, wadda ba a kiran sunanta sai an sassauta murya. Ita ce wadda ma'aikata ke ce wa bar, tsofaffi kuwa su ce gidan giya, su tofar da yawu. Kowa ya san tana nan, kowa ya san hanyarta, amma da wuya a sami mai cewa ya taɓa leƙa ta. Tun da yake gani ya kori ji, ga abin da baƙo zai tarar in ya bi bakin kwalta bayan sallar isha'i.

Ƙofa marar suna

Ba a Birni ake nemanta ba. Birni na Sarki ne: ga fada, ga masallaci, ga ragowar ganuwar da Sarki Tanimu ya kewaye garin da ita, ga lunguna inda kowace tsohuwa ta san kakan mai wucewa. Haka nan tsakiyar Zango, unguwar fatake da madugai, inda ayarin Abzinawa ya saba sauke kaya, inda kuma attajiri Malam Yaro ya yi zamaninsa. Mashaya tana cikin unguwannin da suka tsiro a zamanin Turawa da bayansa, kusa da tashoshin mota da ofisoshi, inda baƙo ya yi yawa har ba mai tambayar asalin wani.

A ƙasar Ingila, inda irin wannan gida yake bisa babban titin kowane gari tamkar kantin burodi, tun a 1393 Sarki Richard na biyu ya ba da umarni kowane mai sayar da giya ya rataya allo a ƙofarsa, don masu duba ingancinta su gane wurin. Har gobe da sunayensu da hotunan allunansu ake sanin gidajen. A Zinder kuwa al'amarin a juye yake, rashin allo shi ne allon. Alamun da mai nema zai bi kaɗan ne: doguwar katanga, ƙofar kwano da aka bari a ɗan buɗe, zana a tsaye daga ciki don kare idon mai wucewa, da ƙwan lantarki guda mai launin shuɗi. A gefe ga mai tsire da tukubarsa. Babura kuma an jera su can nesa, gaban shagon tela ko na mai faci, domin babur ma yana da bakin faɗin inda maigidansa yake. Ɗan kabu-kabu da ya san aikinsa ba ya sauke fasinja daidai ƙofar. Sai ya ɗan wuce, ya tsaya a duhu, ya karɓi kuɗinsa ba tare da ya ɗaga kai ba.

Bayan zana sai fili mai yashi, da dogon yaro guda a tsakiya, da kujerun ƙarfe da na roba waɗanda rana ta cinye launinsu. A ƙurya akwai ɗaki ɗaya, ciki firiji biyu na gurnani, ga akwatunan kwalabe an ɗora su har rufi. An rataye talabijin a sama, ana nuna ƙwallon Turai. A bango kuma, cikin gilashi, ga takardar lasisi da hatimin hukuma. Mai wurin sau da yawa mace ce daga Benin ko Togo ko kudancin Najeriya, wadda ta tsufa a garin, ta haifi ƴaƴanta a nan, Hausarta kuma ba ta da tangarɗa. Madam kowa ke ce mata, babba da yaro.

Kusa da ƙofar ɗakin, mai lura zai ga tsohon allon talla na ƙarfe da hoton raƙumin dawa, tsatsa ta fara cin gefensa. Wannan ita ce alamar Bière Niger, giyar da kamfanin Braniger ke yi a Yamai ana ɗauko ta a manyan motoci, tafiyar kusan kilomita 900. Mashaya sun laƙaba wa kwalbarta suna konjonktir, kalmar Faransanci da hukuma ta yi ta nanatawa cikin shekarun 1980, lokacin da kuɗin yuraniyom ya faɗi aka ce kowa ya ɗaure ciki. A 2019 kamfanin ya rufe ƙofofinsa. Yau mafi yawan kwalaben daga ƙasashen maƙwabta suke shigowa, raƙumin dawa kuwa ya rage a bango kawai.

Kowa da inuwarsa

Mai shiga ba ya yin cikakkiyar sallama, kamar dai harshe na jin nauyin kawo ta irin wannan wuri. "Sannunku da hutawa," shi ke nan, a amsa masa ba tare da an dube shi sosai ba. A nan ba a kiran mutum da sunansa ko da muƙaminsa. Wanda da safe ake rusuna masa ana cewa ranka ya daɗe, da dare maigida ne kamar kowa. Gobe in sun haɗu da abokin teburinsa a ofis, za su gaisa su tambayi iyali kamar sun yi wata ba su ga juna ba. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, wannan ita ce babbar dokar gidan, kuma an fi kiyaye ta bisa wadda ke rataye a bango.

Ba wanda ke raba wa mutane wurin zama, amma kowa ya san inuwarsa. Ƙarƙashin fitila akwai waɗanda ba su da abin ɓoyewa: direbobin manyan motoci daga bakin teku, Kiristocin gari, da baƙin da aiki ya kawo, musamman tun da aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ a arewacin gari a 2011. Su ne masu dariya da ƙarfi. Gindin dogon yaro, inda haske ya gauraya da duhu, nan ne mazaunin ƙananan ma'aikata da matsakaita: mushen lakwal, akawu, malamin asibiti, wanda aka yi wa canjin wurin aiki daga Doso ko Tawa ya baro iyali can. Can ƙuryar da fitila ba ta kaiwa kuwa, nan ake samun masu manyan riguna. Kwalbarsu tana ƙarƙashin tebur, abin da ke sama kofin roba ne, ko kwalbar lemo da aka sake wa ciki.

Ba duk wanda ya zauna ne ke shan giya ba, wannan ma gaskiya ce da ya kamata a faɗa. Wani lemo ya kawo shi da ƙwallo, wani ya rako aboki. Wani kuma ɗan kasuwa ne da takardarsa ta kwana uku bisa wani tebur ba a sa mata hannu ba, ya ji labarin inda mai hannun ke hutawa. Ya zauna da lemonsa, ya aika wa wancan teburi kwalba biyu da tsire mai zafi, ba a ce uffan game da takarda ba. Washegari sai ga ta ta fito. Ƴan kasuwar Dole sun san wannan hanya, ma'aikata ma sun san ta, kowane ɓangare kuma yana ɗora wa ɗayan laifin buɗe ta.

Hira kuwa ba ta wuce uku: ƙwallo, albashi, da siyasa. Dattawan gindin dogon yaro suna tuna Babban Taron Ƙasa na 1991, lokacin da kowane tebur ke da rediyonsa. Suna tuna daren da aka tabbatar ɗan garin nan, Mahamane Ousmane, ya ci zaɓen shugaban ƙasa a watan Maris na 1993, da kuma ranar 27 ga Janairu 1996 da soja suka sauke shi. Kowace gwamnati an naɗa ta an kuma tuɓe ta sau ɗari bisa waɗannan teburan ƙarfe, ba tare da ta sani ba.

Giya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Damagaram. Tun kafin Turawa, Arnan ƙauyuka suna dafa tasu da gero ko dawa don bukukuwan gargajiya, malaman birni kuma suna yi musu wa'azi. Abin da ya zo da Faransawa bayan sun ci garin a 1899 shi ne kwalba da tebur da kujera. Sojoji da akawuna da tafintoci daga Senegal da Dahomey suka zo da al'adar zama bayan an tashi aiki, ƴan lakwal na farko kuma suka ɗauke ta a matsayin alamar wayewa, tare da kwat da agogo. Daga nan ne mashaya ta ƙulla zumunta da albashi, zumuntar da har yau ba ta yanke ba.

Kayen Madam

Abu mafi tsada a gidan ba ya cikin firiji. Wani kaye ne irin na ƴan lakwal, mai bango ja, wanda ke kwana a aljihun teburin Madam. Kowane shafi da mai shi, amma ba da sunansa na yanka ba: wannan Dogo, wancan Mai Gilashi, wancan kuma Mushe. Ƙarƙashin kowane suna an jera ƴan sanduna, kowace sanda kwalba guda. Daga ranar 10 ga wata sanduna ke fara yawa. In wata ya ƙare aka biya albashi, sai a zo a soke su, a buɗe sabon shafi da kwalbar murna.

Wanda ya karanta irin wannan kaye na shekarun 1990 ya karanta tarihin ma'aikacin Nijar. A lokacin nan albashi yakan yi wata biyu, uku, har fiye, bai fito ba, yajin aiki na bin yajin aiki. Ranar 12 ga Janairu 1994 kuma darajar sefa ta faɗi da rabi, kayan kanti suka tashi, albashin da ba a ma biya ba ya ƙara ƙanƙancewa. Mai hankali zai zaci mashaya za ta mutu a irin wannan zamani, alhali kuwa shafuka ne suka ƙara tsawo. Wanda ya kasa haɗa ido da matarsa da mai gidan haya da mai kanti, sai ya nemi inda ba za a tambaye shi kome ba sai ƙarshen wata. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, to amma akwai bambanci tsakanin bashin buhun gero da bashin abin da ke fita kafin gari ya waye.

A nan ne maganar ta bar bakin kwalta ta shiga cikin gida. Wajen ƙarfe goma na dare, wani yaro ɗan shekara goma ya tsaya bayan zana, ba ya shiga, ba ya komawa. Mai tsire ya san shi, domin ba yau ya fara zuwa ba.

"Kai yaro, wa kake nema?"

"Inna ce ta ce a gaya wa Baba jikin ƙanena ya yi zafi."

Mai tsire ya shiga ya raɗa wa wani mutum a gindin dogon yaro. Mutumin ya miƙe, ya laluba aljihu, ya dubi Madam. Ita kuwa ba ta ce kome ba, ta jawo aljihun tebur ta ƙirga jaka biyu ta miƙa masa, sa'an nan ta buɗe kaye ta rubuta. Ya fita da sauri, ya kama hannun ɗansa, ba wanda ya dubi wani a cikinsu. Teburin ya yi tsit na ɗan lokaci, daga baya aka koma ga ƙwallo. Kuɗin magani ya samu a daren nan, kuma daga hannun da ya fi kowane hannu saurin bayarwa. Sai dai duk mai lissafi ya san da sandunan shafinsa na wannan wata kaɗai sun zauna a aljihunsa, da bai nemi rancen kowa ba.

Wuta da toka

Dokar ƙasa ba ta hana sayar da giya ga wanda ya mallaki lasisi ba, ko da yake tana hukunta maye a bainar jama'a da kuma sayar wa yara. Addinin mafi yawan mutanen gari kuwa ya haramta ta ƙarara, kamar yadda ya zo a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma babu mai zama a duhun ƙurya da bai san haka ba. Tsakanin waɗannan biyu mashaya ke rayuwa, shi ya sa duk sa'ad da gari ya yi zafi, ƙofarta ce ta fi kusa da ashana.

A daminar 1992, da ruwan sama ya yi jinkiri, an far wa mashaya da matan da aka zarga da hana ruwa a Zinder. A watan Nuwamba na 2000, zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA ta ci mashaya a Maraɗi. A wannan shekara ce kuma jihohin Kano da Katsina da Jigawa suka kama shari'a, har wasu masu wannan sana'a suka ƙetaro iyaka suka kafa rumfuna a ɓangaren Nijar. Sa'an nan ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, aka ƙona cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da majami'u a Zinder, aka farfasa wuraren shan giya. Washegari wutar ta kai Yamai. Mutum 10 suka rasa rayukansu tsakanin biranen biyu.

Irin su Madam ba su manta da wannan rana ba. Wasu sun tattara sun koma ƙasashen da ƴaƴansu ba su taɓa gani ba. Wasu maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su har ƙura ta lafa. Masu manyan riguna na ƙurya kuwa ba a ji muryar ko ɗaya ba, domin wanda ya kare gidan ya tona kansa. Bayan ƴan watanni aka sake ɗaga katanga, ta fi ta da tsawo, aka sayo sabon kaye. Wuta ta ci kujeru da firiji da abincin waɗanda ba su zana kome ba, amma ba ta taɓa ƙishirwar da ke kawo mutane ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, tsagar kuwa tana cikin albashin da ba ya kai wata, da ma'aikacin da aka raba da iyalinsa, da gidan da maigida ke tsoron komawa da wuri.

Tsallaken titi

Daura da ƙofar kwano, a ɗaya gefen kwalta, akwai teburin mai shayi da bencinsa biyu, da gwangwanayen madara a jere, da burodi cikin leda. Gaba kaɗan samarin fada sun shimfiɗa tabarma, butar shayi na bisa gawayi, ana jiran zagaye na biyu. In baƙo ya ƙetara ya zauna, zai ji hirar da ya baro ce ake yi: ƙwallo, kuɗi, siyasa. Nan ma akwai bashi, nan ma akwai kaye. Amma a nan mutum yana zaune ƙarƙashin fitila, ana kiransa da sunansa, in ɗansa ya zo nemansa sai a matsa masa wuri a zuba masa shayi. Abin da mai kwalba ke nema da abin da mai kofin shayi ke nema kusan ɗaya ne, wato inda za a zauna a sauke gajiyar yini cikin mutane. Titi guda ya raba su, amma farashin ba ɗaya ba ne, ko a aljihu ko a fuska.

Wajen sha biyun dare Madam ta fara kife kujeru. Masu ƙurya suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba a jere ba, kowa ya nufi baburinsa ta wata hanya dabam. Mai tsire ya kashe wuta. Aka kashe shuɗin ƙwai, ƙofar ta koma ƙofar kwano kamar dubunta a garin.

Kafin a kira assalatu, wani layin ya riga ya fara a bakin famfon unguwa. Mata da yara sun jera jarkoki, ƴan garuwa sun tura kurarsu, in bazara ce kuwa ana iya kaiwa hantsi ruwa bai zo ba, farashin jarka kuma ya hau. A cikin layin nan akwai matar Dogo, akwai ƴar Mai Gilashi, akwai yaron da ya tsaya bayan zana jiya. Kowane ma'aikaci da kowane ɗan kasuwa ya san kuɗin kwalba, ya kuma san kuɗin jarka, ba sai jarida ta yi masa lissafin jarka nawa ke cikin kwalba guda ba. Mashaya biyu ke ga garin Zinder, kuma daga aljihu ɗaya ake biyan su. Allah ya sa a san wadda za a fara biya.